Muhawara: Shin Babban Akwati Ne Ke Kawo Bes a Mota?

Direban Golf: Jama'a, ni a wurina bes girman akwati ne. Wufa, wato sifikar bes, mai inci 12 gare ni, kuma so nake a yi mini akwatin da zai cinye but ɗin gaba ɗaya. Akwai mai ja?

Mai wayarin: Akwai, maigida. Iskar da ke cikin rufaffen akwati ita ke riƙe takardar sifika. Toshe bakin sirinji da yatsa ka danna, za ka ji tana turo ka. Idan akwatin ya wuce kima sai riƙon ya yi sako-sako, kana ƙure murya takarda ta zarce iyakarta, a ji kakas-kakas, kwail, wato naɗin wayar da ke cikin sifika, ya daki gindi. Irinsu nawa aka kawo mini a yage!

Kafinta: Amma fa kada a ɗauka ƙarami ya fi. Wanda aka matse dum-dum kawai yake yi a wuri guda, gunjin nan na ƙasa mai girgiza kujera ya ɓace. A wannan kam direba yana da gaskiya.

Ɗalibin injiniya: Rabin gaskiya dai, Baba. Akwai ƙa'idar Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin sifika na KLH a Amurka: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙara sosai da wuta kaɗan, biyu kaɗai za ka samu a cikin ukun. Kuma kowace sifika da ma'auninta, bisa lissafin da Neville Thiele ya fitar a Ostireliya a 1961, Richard Small ya faɗaɗa daga baya. Yawancin masu inci 12 lita 28 zuwa 35 suke nema a rufaffen akwati.

Direban Golf: To me ya sa manyan akwatunan nan masu ramin fitar iska suka fi tashin ƙara? Kunnena ba ya ƙarya.

Mai wayarin: Ai ramin ne ke aikin. An auna tsawonsa da faɗinsa daidai da cikin akwatin, shi ya sa mai rami kan kai lita 50 ko fiye. Amma sautin da ya yi ƙasa da inda aka saita ramin, babu mai riƙe takarda, sai amfilifaya ta tace shi.

Ɗalibin injiniya: Kuma motar kanta tana ƙara wa bes na ƙasa ƙarfi saboda ƙanƙantar cikinta. Abin da rufaffen akwati ya rasa, ita ke cike masa.

Direban Golf: Har yanzu mai ramin nake so.

Kafinta: Ba laifi, kawo takardar da ta zo da wufar mu ga lita nawa kamfani ya rubuta. Da katakon MDF mai kaurin milimita 18 zan yi, daga ciki zan auna, in cire wurin da maganaɗisun da ramin za su ci.