Shinkafata tana kakkarye a injin casa, ko laifin shanya ne?

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayen shanshera a nan Kura, matata ta turara, mu shanya, in kai inji. Ta damina ba ta ba mu matsala. Amma ta rani da muka turara cikin watan Afrilu, buhu shida, sai da na kusa hawaye da na tara hannu a bakin inji: fiye da rabi gutsattsari ne, kamar tsaki. Mai injin ya ce ba daga wajensa ba ne. A kan siminti muka baza ta tun ƙarfe tara har bayan la'asar, ta bushe ƙayau rana ɗaya, har ina murna. Me ya jawo? Jarina ne gaba ɗaya a ciki.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Wannan bushewar ta rana ɗaya ita ce ta cuce ka. Ruwan da ke bayan ƙwaya nan da nan iska ke kwashe shi, amma na cikin tsakiya sai ya tako a hankali kafin ya fito. Idan zafi ya yi yawa, baya ya bushe ya tsuke alhali ciki na nan a kumbure, sai ƙwayar ta tsage a cikin ɓawonta, ido ba ya gani. Inji kawai ya ƙarasa ta ne. Kuma simintin Kano a Afrilu ya fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba.

Shinkafar da aka turara tana fitowa da danshi wajen kashi 35 cikin 100, casa kuwa kashi 14 take so. Kada ka sauko da ita a zama ɗaya. Idan ta kai wajen kashi 18, tara ta a inuwa ka rufe, ta huta awa huɗu zuwa takwas, danshin ciki ya daidaita da na waje, sannan ka sake shanyawa. Kaurin shanyar santimita biyu zuwa huɗu, ana juyawa duk rabin awa.

Inna Mai Turara:
Ɗana, mu ba mu da na'urar awo, amma haka iyayenmu suka koya mana. Da ta sha iska, ka damƙa ka ga ba ta manne maka a tafi, kwashe ta kafin rana ta take. Gobe da hantsi a ƙarasa ta. Kuma kar ka bari ta kwana a fili: busasshiyar shinkafa in ta sha raɓa, tsagewa take yi ita ma. Ka ɓare ƙwaya ashirin da farce ka ɗaga su a haske, mai tsaga za ka ga layi ya gitta ta.

Ɗan Kura:
Inna, na ɓare daga ragowar buhun da ban kai inji ba. Cikin ashirin, goma sha ɗaya duk da layin nan. Ashe har haƙuri zan ba mai inji. Injiniya, shin buhun da ya riga ya tsage, in an sake turara shi zai haɗe?

Injiniya:
Turarawa tana like tsaga, domin sitacin yana narkewa ya haɗe, sai dai launin zai ƙara duhu. Gwada da kwano biyar tukuna, ka ga yadda za ta fito.