Wai yunwa ce ke kada shugaban ƙasa a zaɓe? Gardamar zauren 'yan Adar

Mai Kanti: Salamu alaikum 'yan zaure. Tun safe ina zaune a kantina nan kasuwar Tawa, mata na tambayar kuɗin shinkafa da mai, su juya ba su saya ba. Wata ta ƙirga canjinta sau biyu a gabana, ta ce in auna mata rabin abin da ta saba. Raina ya ɓaci wallahi. Ni na faɗa, duk duniya yunwa ce ke kada shugaban ƙasa a zaɓe. Ku dubi Gana: tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022, Disamban 2024 na zuwa aka kori jam'iyya mai mulki ta NPP, aka maido Jon Mahama. Amurka ma tsadar abinci ta taimaki Trump.

Mushen Lakkal: Alhaji, yunwa a Amurka? Tsada daban, yunwa daban. Yunwa ita ce ta farin 1973, da bisashe suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Kuma ba ƙuri'a ta fitar da shugaban Nijar Jori Hamani ba, juyin mulkin Kunce ne a Afrilun 1974.

Mai Kanti: Mushe, wanda ya kwana bai ci ba, mi za ka kira abin da ke damunsa?

Ɗan Galmi: Irin wannan gyaran kalma shugaba Tanja ya yi a 2005. Ya ce babu yunwa, ƙarancin abinci ne, alhali yara masu tamowa sun cika wuraren jinya a Maraɗi. A shekarar kuma aka ɗora harajin kashi 19 kan madara da sukari da ruwa da wuta, sai da aka rufe kasuwanni aka mai da garuruwa kufai kafin gwamnati ta sassauta.

Inna Hajiya: Ɗana, ka bar Baba Tanja ya huta, Allah Ya jiƙansa. Wa ya kai mana hatsi mai rahusa? Wa ya gina ɗakunan shan magani da azuzuwa a ƙauyuka? Kana goye lokacin.

Ɗan Galmi: Inna, ki yi haƙuri, amma ina da aure a 2005.

Badamagare: Ku 'yan Tawa har kuna da bakin magana? Mahaman Usman namu na Damagaram ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1993, Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka tashi, albashi ya maƙale. Maimakon a rufa masa baya, Mahamadu Isufu naku ya ajiye muƙamin firaminista a Satumba, jam'iyyarsa ta Tarayya ta fice daga ƙawance. Shi ya sa ɓangaren Mahaman Usman ya rasa rinjaye a majalisa a 1995. Wannan ba yunwa ba ce, cin amana ne.

Ɗan Galmi: Janye kalmar nan! Wa ya fara rage wa firaminista iko? Kuma wa ya sa Badamagare cikin zauren 'yan Adar?

Badamagare: Shekara goma sha biyu ina biyan haya a Tawa, matata 'yar Illela ce.

Mushen Lakkal: Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Yunwa ko tsada?

Inna Hajiya: Mushe, kai albashi ne ke zo maka, shi ya sa.

Mushen Lakkal: Inna, ɗan kwantiragi ne ni. Ki tambayi Alhaji bashin da ke kaina a littafinsa.

Mai Kanti: Kar a shigo da littafina nan, sirri ne tsakanina da kai.

Shugaban Zaure: To, ya isa. Ga abin da na fahimta. Alhaji ya faɗi gaskiya, aljihun talaka ne ke hukunci, kuma abin da mutane suka sha a 2005 na cikin abin da ya sa suka ba Mahamadu Isufu amana a 2011 a kan ɗan takarar Nassara, jam'iyyar Tanja. Mushe ya kawo gyara mai amfani. Inna uwa ce, ba mu ja da ita. Zancen 1994 kuwa ba shi aka tambaya ba, kuma duk wanda ya san tarihi ya san ba Tarayya ta fara ba. Tunda an rusa jam'iyyu a Maris na 2025, ban ga amfanin tono shi ba. Badamagare, ka goge "cin amana" kafin sallar isha'i, in ba haka ba zan fitar da kai na kwana uku.