Jarumin gem: sai mai farin jini, ko mai baƙin jini ma ya yi?

Nuhu: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau raina a ɓace yake. Kwana huɗu ke nan da na aro PS4 ɗin maƙwabcinmu a nan Marwa don The Last of Us na biyu. Tun da farko wata Abby ta kashe Joel, jarumin gem na farko, a gabana da sandar golf, na haɗiye na ce zan rama. Can tsakiyar wasa sai aka miƙo mini ita, wai ita zan riƙe yanzu, in nemo mata harsashi, in ɗaure mata ciwo. Ni? Jinina bai haɗu da nata ba ko kaɗan. Maganata ita ce, jarumin da ba shi da farin jini, wanda ba ka jin kamar ɗan'uwanka ne, ɓata gem yake yi. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Sadiya: Wa alaikumus salam. Yaya Nuhu, kafin a ɗaura sirdi, Joel ɗin da kake wa zaman makoki me ya aikata a ƙarshen na farko, na 2013? Ya kutsa asibiti a Salt Lake City, ya kashe likitan da zai yi wa Ellie, yarinyar da ya rako, aiki, ya kashe Marlene, shugabar mutanen da ke riƙe da asibitin, sannan ya dubi yarinyar ya rantse mata a kan ƙarya. Likitan nan shi ne mahaifin Abby. Kuma da yatsanka ka danna.

Usaini: Haba Anti Sadiya, ni fa ban buga ba tukuna! Kun gama tona mini.

Sadiya: Yi haƙuri ƙanina, gem ɗin 2020 ne, ai ya kwana biyu.

Nuhu: Joel daban ne. 'Yarsa Sarah a hannunsa ta cika tun ba a je ko'ina ba. Duk abin da ya yi daga baya na san daga ina ya taso.

Sadiya: Ita kuma uba aka kashe mata. Bambancin kawai gidan Joel ka fara sauka, ka ci tuwonsa. Da ita aka fara ba ka, da yau shi kake zagi.

Bello: Ku bari in sa baki, tun da ni da wannan harka nake ci. Na buɗe shagon gem a Yelwa, nan Garwa, da PS2 biyu da talabijin mai ƙusumbi, lokacin wasunku ba su shiga makaranta ba. Abin da ya fi kawo kuɗi bayan ƙwallo shi ne GTA San Andreas, wanda ya fito a 2004. Yaro zai kawo sefa hamsin ɗin da aka ba shi na ƙosai, in ba shi mintunansa. Kuna zaton zai zauna kallon hira da Turancin da ba ya ji, alhali agogo na tafiya? Da an fara magana sai ya danna ya wuce. A bangon shagon da gawayi suka rubuta lambar sata: R1, R2, L1, X, sai hagu, ƙasa, dama, sama har sau biyu. Ka danna, jini ya cika, kuɗi su shigo. Har yau tabon rubutun na nan ƙarƙashin fenti. Sunan CJ ma ba kowa ya sani ba, Mai Singileti suke ce masa. Ni kaina sai bayan shekaru na zauna da daddare na bi labarin, na gane ashe rasuwar mahaifiyarsa ce ta dawo da shi Los Santos bayan shekara biyar ba ya gari, kuma Big Smoke da suke cin abinci tare shi ya ci amanarsa. Yaran nan ba halinsa suke so ba. Keken suke so, da aski, da yadda za ka ɗura masa kaza har ya yi tumbi ya kasa gudu.

Nuhu: Yaya Bello, wannan wasan yara ne na mintuna. Ni ina maganar gem ɗin da za ka yi awa ashirin da wani abu tare da mutum guda.

Kawu Sale: Ina jin ku daga Kusuri, ina jiran a buɗe gada mu shiga Njamena da kaya. Ni ban iya abin naku ba, amma ina da tambaya. A cikinku wa zai ba Gizo ajiya? Makwaɗaici, maƙaryaci, ya cuci kura, ya yaudari zaki, Ƙoƙi ma ba ta tsira ba. Amma da kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, me muke cewa? A ba mu ta Gizo. Ban taɓa jin yaron da ya ce a ba shi tatsuniyar mutumin kirki da ya tashi ya je gona ya dawo ba.

Nuhu: Allah ya ƙara girma Kawu, amma tatsuniya kunne kake ba ta. Kana kan tabarma, Gizo na can yana ta'asarsa, ba ruwanka. A gem hannunka ne. In Abby ta shaƙe mutum, ni na shaƙe shi.

Malam Idi: Nan kam Nuhu ya taɓo wurin. Zan ba ku guda biyu da na buga da kaina, dukansu na kamfanin Rockstar, dukansu an tilasta mini mugunta, amma ba su zauna mini iri ɗaya ba. A GTA V akwai inda Trevor yake azabtar da wani bawan Allah a ɗaure kan kujera don a samo bayani. Kai za ka zaɓi abin azabar, ko filaya ta cire haƙori, ko wayar lantarki, ko ruwa. Labari ba ya gaba sai ka yi. Na miƙa wa ɗalibina manet, wato abin dannawar, na fita waje na sha iska. Bayan an gama Trevor ya ɗauki mutumin ya kai shi filin jirgi yana surutu, shi ke nan, kamar ba a yi ba.

Na biyu shi ne Arthur Morgan a Red Dead Redemption 2. An aike shi karɓar bashi wurin wani manomi, Thomas Downes, mutum ramamme yana tari. Arthur ya doke shi a gaban iyalinsa, mutumin ya yi masa tarin jini a fuska. Can gaba sosai, ka ma manta, sai Arthur ya yanke jiki ya faɗi a titin Saint Denis, likita ya ce tarin fuka ne. A 1899 ake, babu magani. Wannan ya tsaya mini a wuya don ina saurayi kawuna yakan aike ni karɓar bashi a kasuwar gero ta Njamena. Akwai wani dattijo mai sayar da tabarmi, na tsaya a kansa ina ɗaga murya, mutane na kallo, ya kwance bakin zanen da yake ƙulle kuɗi ya zazzage mini duka, ko rabin bashin bai kai ba, hannunsa na rawa. Na karɓa kuwa. To Arthur ba mutumin kirki ba ne, ɗan fashi ne. Ban so shi a wannan ranar ba. Amma na san me ya kai shi ƙofar gidan, kuma gem ɗin bai bar shi ya tafi a banza ba. Wannan ya ishe ni in ci gaba da riƙe shi.

Nuhu: To ai ka dawo kan maganata Malam. Ka ga kanka a jikinsa.

Malam Idi: Rabin maganarka. Ka ce sai mai farin jini. Abin da na gano a jikin Arthur abin kunyata ne, ba abin so ba.

Usaini: Ni duk wannan bai dame ni ba. A Free Fire wa ya san halin wani? Ka duba abin da yake iya yi ka ɗauka. Link na Zelda ma shekara da shekaru bai ce uffan ba, ihu kawai yake in ya kai sara, kuma duniya na son sa.

Bello: Wanda bai yi magana ba ai ba ya ɓata wa kowa. Wannan dabara ce ta masu yin gem, su bar maka tulu babu komai ka zuba naka ruwan.

Sadiya: Bari in kawo Kratos, don shi ya wuce ta hanyoyin biyu. A God of War na 2005 mutum ne da Ares, gunkin yaƙi na Girkawa, ya yaudara ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, tokar gawarsu ce ma ta manne masa ya zama fari fat. Daga nan sai ihu da sara, ba ya tausayin kowa. Samari sun so shi don wuƙaƙen nan masu sarƙa, ba don hali ba. A na 2018 sai ga shi da gemu da ɗa, Atreus, za su kai tokar uwar yaron kan dutse mafi tsawo. Kusan duk tafiyar ba ya kiran sunan ɗan, sai dai “yaro”. Akwai inda yaron ya juya baya yana cikin damuwa, Kratos ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa, sai ya fasa ya sauke. Muna kallo da yayana a gida nan Ngaundere, shi ne ɗan fari, sai ya ajiye manet ya ce wallahi Baba ne. Mahaifinmu bai taɓa kiran sunansa ba saboda alkunya, sai “kai” ko “wannan yaron”. Ranar da ya ci jarrabawar bakaloriya Baba bai ce masa komai ba, washegari dai ya tarar da sabon takalmi a ƙofar ɗakinsa. Waɗanda suka yi gem ɗin a Kalifoniya ba su san alkunyar ɗan fari ba, nasu dalilin daban ne, amma mu abin da muka gani ke nan. Kuma Kratos bai zama mai fara'a ba har aka gama.

Kawu Sale: Ikon Allah. Wannan uban nasu Bafulatani ne, ku bincika.

Nuhu: Duk da haka sai mun yi ta lalube kafin mu samo kanmu a jikin Bature ko Bagirke. Ina namu?

Bello: An yi a ƙasar nan. Aurion, na Kiro'o Games a Yawunde, su Olivier Madiba, ya fito a 2016. Jarumin Enzo, yarima ne da surukinsa ya yi wa juyin mulki ranar aurensa. Na sa shi a kwamfutar shago don kishin ƙasa. Baƙar fata ne kamar mu, amma yaran suka buga kwana biyu suka koma ƙwallo. Kamar fuska ba ta riƙe mai wasa.

Nuhu: Yarima kuma. Ni a ba ni ɗan moto na Marwa, mai biyan balas, kuɗin mai mashin, kullum yamma, yana kauce wa rami da masu usur.

Sadiya: Kuma waliyyi za a yi shi?

Nuhu: Ina! In hadari ya haɗo zai ninka kuɗi, in fasinja baƙo ne ya zaga da shi ta Domayo sau biyu.

Sadiya: Kai ma ka ji bakinka.

Nuhu: Wannan ai sana'a ce, ba kisan Joel ba. Ban janye ba.

Malam Idi: Yanzu ina ka tsaya da Abby ɗin?

Nuhu: Gadar nan ta sama tsakanin dogayen benaye, ita da yaron nan Lev. Ashe tsoron bisa take, in ta leƙa ƙasa har hoton rawa yake, numfashinta na fita da ƙyar. Sau uku ina sakinta da gangan ta faɗa. A na huɗu na tsallakar da ita, don ƙarfe tara ake ɗauke mana wuta kuma ranar Juma'a mai abu zai karɓi abinsa.

Bello: In ka gama ka dawo mini da manet ɗina da ka ara tun azumi.