Masu suyar dankali a Kumasi, ina ribarmu take shiga?

Mai suya a Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 9 ke nan ina suyar dankali a bakin makaranta. Jiya bayan isha'i na zazzage gwangwanin ciniki a kan tabarma, na ware kuɗin mai, na gawayi, na leda da yaji, da na matar da ta ba ni dankalin bashi. Abin da ya rage bai kai kokon yara na safe ba, alhali tire ya ƙare tas. Don Allah kowa ya faɗi yadda yake yi, ko ni ce ban iya ba.

Hajiya daga Asawase:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin iya, jari ne ba ki da shi. Na yi irin zamanki, kullum in sayi kashi biyu da mai kwalba ɗaya. Mai sayen kwalba ita take biyan ribar mutum uku kafin mai ya shiga kaskonta. Sai da na ɗauki susu, wato adashi, na sayi mai a babbar jarkar nan da ake kira galan ɗin Kufuor, na tari motar dankalin da ke zuwa daga Bawku da kaka na sauke buhu sukutum, sannan na san ana samu a sana'ar nan. Buhun ma da sharaɗi. Dankali ba doya ba ne, ba ya jimirin ajiya. Kika bar shi a ɗaki mai zafi, ƙwaro ya huda shi, sai ki fere ki tarar da ɗaci da baƙin zane a ciki, rabi ya tafi bola. Shi ya sa yanzu mu uku muke raba buhu, mu raba kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Ku tuna 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba. A layinmu waɗanda suka kife kasko duk masu sayen kwalba ne.

Ƙanwarku daga Alabar:
Hajiya ta gama magana. Ni dai hutun makaranta da azumi ne suke karya ni. Da azumi sai in koma ƙosai da yamma.

Wata daga Tafo:
A duba iri ma. Na gwada mai jan cikin nan, Apomuden, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 2005. Yana da bitamin A, yara suna son zaƙinsa, amma ruwa ya yi masa yawa, a kasko sai ya yi laɓo-laɓo ya sha mai. Farin shi ne na suya. Jan nakan dafa in murje in haɗa da fulawa in yi bofrot, wato fanke, fulawar da nake saye ta ragu.

Ɗan'uwanku a Sawaba:
Iyayena, ni sirara nake yankawa in soya in ɗaure a leda, yana yin kwanaki bai lalace ba. Manyan kantuna ba sa karɓa sai da lambar hukumar abinci da magunguna, kuma cike takardun yana son wanda ya yi boko. Duk mai buƙata ta yi magana, zan taya ta fisabilillahi.

Maman 'yan biyu:
Akwai wadda ba a faɗa ba. Gida ne yake cin jarin. Tun da aikin maigida ya tsaya, cefane, kuɗin makaranta, ankon biki, gudummawar suna, duk daga gwangwani ɗaya. Ba zan ga yaro da zazzaɓi in ce wannan kuɗin mai ne ba. Abin da ya ɗan taimake ni, kullum kafin in tashi daga bakin kasko nakan tura kuɗin mai da dankali cikin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, in shiga gida da sauran.

Mai suya a Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi har na ji sanyi. Hajiya, in akwai wuri a rabon buhunku a sa ni ta huɗu, susuna yana fitowa ƙarshen wata.