Yankewar intanet ta kebul idan adireshi ya canja: abin da kowa ya gani a gidansa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa fama da irin wannan matsala su bayyana mana yadda ta kasance a wurinsu. Intanet ta kebul nake amfani da ita, modem ne ke karɓowa daga kamfani, rauta kuma ta rarraba wa wayoyi da kwamfutoci. Kusan kullum, a daidai lokaci guda, sai komai ya tsaya cak, alhali Wi-Fi yana nan da ƙarfinsa, fitilun modem ma duk a kunne suke. Da na kashe rauta na sake kunna ta sai aiki ya dawo, amma na lura adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) da kamfani ya ba ni ya bambanta da na baya. Shin canjin adireshin ne yake yanke ni, ko kuwa yankewar ce take jawo canjin?

Wani mai aikin haɗa na'urorin sadarwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙarshe ita ce gaɓar maganar, kuma a kanta nake so kowa ya tsaya. Adireshin da kamfani yake ba ka aro ne mai wa'adi, ta tsarin da ake kira DHCP, wanda aka tsara ƙa'idarsa ta yanzu a 1997 cikin takardar RFC 2131. A ƙa'idar, rauta ba ta jira wa'adi ya cika. Da zarar rabinsa ya wuce take tuntuɓar sabar (kwamfutar kamfani mai rabon adireshi) da ta ba ta adireshin domin a sabunta mata. Idan ba ta sami amsa ba har aka ci kashi 87.5 cikin 100 na wa'adin, sai ta yi shela ga duk wata sabar da ke sauraro. Idan nan ma shiru, to da cikar wa'adi dole ta saki adireshin ta fara nema daga tushe. Ke nan a aron awa 24, neman farko yana zuwa ne a awa ta 12, shelar kuma a awa ta 21.

Ni ma na gamu da haka a gidana. Katangar tsaron rautata, wato manhajar da ke tace saƙonnin da ke shigowa, ce take tare amsar sabuntawa, wadda ke fitowa daga ƙofa (lambar mashigar saƙo) ta 67 zuwa ta 68 a tsarin aika saƙo na UDP. Sabar kamfani tana amsawa, rauta ba ta ji, har wa'adi ya ƙare a kwance haɗin. Da na ba wa waɗannan saƙonni hanya, adireshina ya daina motsi tsawon watanni. Saboda haka ka shiga shafin rauta, ka duba tsawon wa'adin da lokacin ƙarewarsa, ka kwatanta da lokacin da kake yankewa. Idan sun zo daidai, to sabuntawa ce ba ta yiwuwa.

Wata malama mai koyarwa daga gida:
Tawa matsalar ta yi kama da taka a fuska, amma tushenta daban ne, shi ya sa nake ba ka shawara kada ka yi saurin ɗora wa adireshi laifi. Nawa yankewar ba ta da lokaci tsayayye, ta fi yawa idan an yi ruwa ko iska mai ƙarfi, kuma sau da yawa a tsakiyar darasi take zuwa, ɗalibai na jirana. Ƙanena ne ya nuna mini cewa yawancin modem na kebul suna da shafinsu a 192.168.100.1, inda ake ganin ƙarfin sigina da tarihin abin da ya faru. Can muka tarar da saƙonnin T3 da T4 jere da juna, waɗanda ke nuna cewa modem da na'urar kamfani sun kasa jin juna. Ƙarfin siginar da modem ke aikawa ya haura 50 dBmV, wato yana ta ƙoƙarin ɗaga murya, mai shigowa kuma ya fita daga tsakanin -7 da +7 da masu gyara suka fi so.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk lokacin da modem ya rasa kamfani, shi da kansa yake ba rauta adireshin wucin gadi mai farawa da 192.168.100, ita kuwa tawa rautar sai ta riƙe shi ko bayan layi ya dawo. A ido sai ka ce adireshi ne ya canja ya yanke ni, alhali layin ne ya fara faɗuwa. Mai gyara ya zo ya cire wata tsohuwar na'urar raba kebul, ya canja wani kan waya da tsatsa ta ci a waje, shi ke nan.

Wani dattijo:
Ni nawa gajere ne. Na sayi sabuwar rauta, ta ƙi samun adireshi sam, tsohuwar kuwa da an mayar da ita sai ta kama. Ashe modem yana riƙe lambar MAC (lambar shaida da kowace na'urar sadarwa ke zuwa da ita) ta na'urar da ya fara gani. Na zare masa wuta na ɗan lokaci, na kunna shi har ya daidaita, sannan na kunna rauta. Wanda nasa ya ƙi duk da haka, yawancin rautoci suna da wurin kwafar lambar MAC ta tsohuwar na'ura, amma ni ban buƙace shi ba.

Wani mai aiki da ofishinsa daga nesa:
Malama ta yi gaskiya, sai dai akwai lokacin da canjin adireshin da kansa ne matsalar, kuma ni shaida ne. Siginata lafiya lau, sabuntawa tana tafiya, amma lokaci zuwa lokaci kamfani yana ƙin sabunta tsohon adireshi ya ba da sabo, galibi da dare idan suna gyaran kayansu. Mai karanta labarai ba zai ma lura ba, domin shafi na gaba zai buɗe da sabon adireshin. Ni kuwa da nake haɗe da ofis ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro a cikin intanet, ko nake tura babban fayil, nan take nake katsewa, saboda kowane haɗin TCP, tsarin da ke riƙe tattaunawa tsakanin na'urori biyu, a ɗaure yake da adireshin ɓangarorin biyu, idan ɗaya ya canja haɗin ya mutu. Wannan ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake.

Abin da ya zama lahani shi ne rautata takan ɗauki mintuna kafin ta watsar da tsofaffin haɗe-haɗen da ta adana, kuma sabunta manhajar cikinta ne ya magance wannan. Kyamarorin gida kuwa na sa musu DNS (tsarin da ke haɗa suna da adireshi) mai bin canjin adireshi, ina kiransu da suna maimakon lamba. Amma a kula: wanda ya ga adireshinsa na waje yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfani ya haɗa shi da wasu masu amfani a bayan adireshi guda ne, wannan dabarar ba za ta isar da shi ga kyamararsa ba. Irinsa sai dai ya nemi adireshi na kansa, wanda yawanci biya ake yi.

Mai aikin haɗa na'urorin sadarwa:
Ina ƙara abu ɗaya da na sha tararwa a gidajen mutane. Wani modem ɗin rauta ne shi ma, sai a jona masa wata rautar, su biyu kowacce na rabon adireshi, wani lokaci ma a jeri ɗaya kamar 192.168.0. Idan adireshin wajen rautarka ya fara da 192.168 ko da 10, duba ko haka ne. Maganinsa a mayar da modem ya zama gada kawai, wato ya daina rabon adireshi ya bar wa rauta, ko a bar shi shi kaɗai ya yi rabon. Kuma ban goyi bayan saita rauta ta riƙa kashe kanta kowane dare ba, domin hakan rufe ciwo ne, yana kuma goge tarihin da za a gano dalilin da shi a rautoci da yawa.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na bi abin da kuka faɗa bi da bi. Shafin modem bai nuna T3 ko T4 ba, sigina tana cikin iyaka, don haka ba irin ta Malama ba ce. Wa'adin arona awa 24 ne, kuma ƙarewarsa ta zo daidai da lokacin da nake yankewa. Tarihin rauta ya nuna tana ta aika neman sabuntawa tun daga rabin wa'adi ba tare da amsa ba. Na sabunta manhajarta, na kuma buɗe wa amsar DHCP hanya kamar yadda mai aikin haɗa na'urori ya bayyana. Yanzu tarihin yana nuna an karɓi sabuntawa a awa ta 12, wa'adi ya koma farko, adireshin kuma bai canja ba. Tun da na yi gyaran biyu a tare, zan mayar da katangar tsaron yadda take domin in tantance wanne ne ya yi aikin, in sanar da ku in sha Allahu.