Battar tabar sarakunan Sin: ta Turawa ce ko ta Sinawa?

Malam Sani: Jama'a, jiya na ga hoton wata 'yar battar taba ta zamanin Sarki Qianlong, wanda ya hau mulkin Sin a 1735. Ba ta cika tafin hannu ba, amma an zana Baturiya da ɗanta a jikinta, har da inuwa a kumatu. Ni dai na ce wannan fasahar Turawa ce, Sinawa kwaikwayo suka yi. Tabar daga nahiyar Amurka take, jiragen Turawa suka kai musu. Fentin ma, na garin gilashi da ake gasawa a wuta, da bakinsu suke ce masa yangcai, wato launin ƙasar waje. To me ya rage?

Hajiya Binta: Malam, battar kanta ta rage. Bature a ɗan akwati mai faffaɗan murfi yake zuba tabarsa. Sinawa suka ga laima za ta ɓata garin, sai suka ɗauko siffar kwalbar maganinsu mai tsukakken baki, suka maƙala ɗan cokali a jikin murfin. Ka ɗebo, ka zuba a bayan hannu, ka shaƙa. Su a matsayin maganin mura da ciwon kai ma suka karɓe ta.

Kabiru: Hajiya, a yi mini afuwa, ina bayan Malam. Masana'antar gilashi ta fadar Beijin a 1696 aka kafa ta, kuma limamin Katolika Bajamushe, Kilian Stumpf, shi ya shugabance ta. Ruwan hodar nan mai taushi da zinariya ake haɗa shi, Turawa sun riga su saninsa.

Alhaji Audu: Kabiru, ɗana, ka karanta rabi ka bar rabi. A 1716 Sarki Kangxi ya sa Matteo Ripa da Giuseppe Castiglione, 'yan Italiya, su yi masa zane da wannan fentin. Ba sana'arsu ba ce. Ripa da kansa ya rubuta cewa da gangan suka ɓata aikin don a sallame su, aka kuwa sallame su! Wanda ya san aikin, Gravereau ɗan Faransa, sai 1719 ya iso, bai daɗe ba ya koma gida. Wa ya zauna gaban wuta yana gasa garin gilashi a kan jan ƙarfe, launi bayan launi, wani ya tsage a sake? Masu sana'ar birnin Guangzhou da na fada. Zuwa 1728, zamanin Sarki Yongzheng, fada ta fara haɗa launukanta.

Malam Sani: Alhaji, na karɓi wannan. Amma Baturiyar fa?

Alhaji Audu: Marmarin sarki ne. Duba gefen hoton da kyau, furanni da kanannaɗen da suka kewaye ta na Sin ne, a gindi kuma hatimin Qianlong.

Hajiya Binta: Kuma in aro ne ke mayar da abu na wani, tun ƙarni na 14 Sinawa ke yin wani irin fentin gasawa mai shingen waya, suna ce masa Dashi, wato na Larabawa. Sai mu ma mu shigo da ƙara kenan?

Kabiru: Wancan daban ne, Hajiya. Zuba launi a ramuka da zana fuska da buroshi ba ɗaya ba ne. Na biyun daga Turai ya zo, a nan na tsaya.

Hajiya Binta: Tsaya abinka. Langar da ke jere a ɗakin kakarka ma irin wannan fentin gasawar ne. Je ka ce mata kwanon Bature ne, ka dawo ka ba mu labari.