Taron masu wuƙaƙe na Thiers: in je ko in riƙe kuɗina?

Ɗan Damagaram a Lyon:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa Coutellia, taron maƙera da masu tara wuƙaƙe da ake yi a garin Thiers na Faransa duk watan Mayu, Asabar da Lahadi. Akwai wata wuƙar aljihu ta mahaifina a hannuna, Allah ya jiƙansa, El Baraka ce mai tambarin Agadas a jikin ƙota. Da ita ya yi fataucin fatu tsakanin Damagaram da Kano. Yanzu ƙarfen bayanta ya saki, in an buɗe ba ta tsayawa, bakin kuma wasawa ta cinye shi. An ce mini a garin nan aka ƙera ta. Yuro 250 ne iyakar ƙarfina, kuma Asabar kaɗai gare ni. Ana barin mutum ya shiga da tasa wuƙar? Ana gyara a wurin? Wuni ɗaya zai isa?

Mai Shayin Marseille:
Amin, Allah ya jiƙan Baba. Amma me ya kai ka har can? Shiga kowane kantin kayan lambu ka sayi wuƙar Opinel lamba 8, Yuro 12, ka huta. Shekara tara ina yanka burodi da tawa.

Sarkin Barkwanci:
Garin nan "Ciyar" Faransawa ke kiransa, amma ban taɓa jin wanda ya ciyar ba. Kai ne za ka ciyar da shi Yuro 250 ɗinka.

Ɗalibi a Clermont:
Na je sau biyu, daga nan tafiyar kamar minti 45 ce a jirgin ƙasa. Daga Lyon gara ka nemi mai mota ku bi babbar hanyar A89, don jirgin sai ya zagayo ta wajenmu. Garin a jikin dutse yake, kogin Durolle na ƙasa, ka zo da takalmin hawa. Shiga Yuro 10 na biya. El Baraka ɗinka ƙanwar wata wuƙar aljihu ce mai suna Douk-Douk, wadda gidan Cognet ke yi tun 1929. Asali don tsibiran Melanesiya aka yi Douk-Douk ɗin, da hoton dodonsu a ƙota, ba ta karɓu can ba, sai ta yi kasuwa a Afirka. Don masu sayen da ba sa son hoton dodo aka fito da mai tambarin Agadas. In ka samu sarari ka leƙa gidan tarihin wuƙa, za ka ga yadda masu wasa wuƙa na da ke aiki rub da ciki a kan katako, dutsen na juyawa da ƙarfin ruwa, kare na kwance a ƙafafunsu yana ɗumama su.

Alhaji Tsohon Direba:
Yaro, saurara in gaya maka. Na je taron nan, kuma har gobe in na tuna sai cikina ya juya. Wata huɗu ina tara kuɗi. Na iske wani dattijo a teburinsa, hannunsa duk tabo, ya miƙo mini wuƙar Laguiole mai ƙotar ƙaho, da ɗan tambarin ƙudan zuma a bayanta. Ka buɗe ta ka ji ta ce ƙas, kamar an rufe ƙofar sabuwar mota. Yuro 190 na ƙirga masa. Ya yi ta ja mini kunne: kar ka sake ta ta rufe da ƙarfi, kar ka bar ta cikin ruwa, ka riƙa shafa mata mai. Na kai ta gida lafiya lau cikin babbar jaka. Ranar Babbar Sallah na fita gaishe-gaishe, na bar ta cikin aljihun rigar da na cire. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauka ya ba masu fiɗa. Da na dawo na tarar da wani yaro ya ɗora ta a ƙashin bayan rago yana dukan ta da taɓarya. Tsinin ya karye. Da ta dakushe sai suka goga ta a simintin bakin rijiya. Ƙahon ya tsage don sun jiƙa ta cikin bahon kayan ciki. Na yi magana, sai ga tsohuwarmu tana cewa ashe a kan wuƙa zan ci mutuncin ɗan'uwana a gaban baƙi. Ni aka sa na ba shi haƙuri. Ni!

Hajiya Mai Turare:
Innalillahi. Alhaji, Yuro 190 a wuƙa? Jika 124 na sefa fa ke nan da ɗoriya. Da ka ƙara kaɗan ai rago ne. Ni dai ina bayan Inna.

Alhaji Tsohon Direba:
Hajiya, turaren da kike sayar wa mata kwalba ɗaya jika 40, wa ya taɓa tambayar ki rago nawa ne?

Bakano a Birmingham:
Alhaji, ka yi haƙuri, amma ka tabbata ta gaske ce? Sunan Laguiole kowa na bugawa, na Pakistan da na Sin sun cika kasuwa, da ƙudan zumansu da komai. Ni fam 15 na sayi tawa a kasuwar Lahadi.

Alhaji Tsohon Direba:
To kai ne ka sayi jabu, ba ni ba. A gabana mutumin ya nuna mini hatiminsa a jikin ƙarfe. Kai ka taɓa taka Thiers?

Bakano a Birmingham:
Ban taɓa ba, amma na fi shekara goma ina tara wuƙaƙen Sheffield na Ingila da na kamfanin Case na Amurka, sun kusa arba'in.

Alhaji Tsohon Direba:
Wanda bai je ba ya bar waɗanda suka je su yi magana. Gani ya kori ji.

Ɗalibi a Clermont:
Ku duka kuna da gaskiya. Jabu sun yi yawa, amma a kasuwannin titi. Kuma Laguiole da yawa na gaske a Thiers ake ƙera su, ba a ƙauyen Laguiole ba, tun da daɗewa. 190 ba tsada ba ce ga aikin hannu, na ga teburin da ake fara magana daga 800.

Mai Gadi a Saint-Étienne:
Shiga ba 10 ba ce, 12 na biya, kuma otel ya ci mini 95 a dare ɗaya don ban kama da wuri ba. Abin da ba wanda ya faɗa: doka. A Faransa wuƙa makami ce ta rukunin D, yawo da ita ba dalili na iya kai mutum ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000. Mu da fatarmu ta riga ta ja ido a tasha, kar ka sa ta a aljihu. Naɗe ta a tsumma, can ƙasan jaka, ka riƙe tikitin taron a hannu.

Ɗalibi a Clermont:
Ni 10 na biya, Yaya. Otel kuma abokina 55 ya samu.

Mai Gadi a Saint-Étienne:
Ku ɗalibai komai ragi ake muku. Ina maganar masu biyan haraji ne.

Sarkin Barkwanci:
Ɗan Damagaram ya tambayi gyaran wuƙa, mun kai shi kurkuku tun bai sayi tikiti ba.

Ɗan Damagaram a Lyon:
Na gode duka. Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma har yanzu ban ji ba, ana gyara a wurin?

Jikan Maƙera:
Ɗan'uwa, ban je ba, kada Alhaji ya kore ni, amma a bakin zugazugi na tashi. Irin wannan wuƙar ƙotarta farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa, ƙusa biyu ke riƙe da komai. Duk maƙerin kirki zai cire ƙusa ya sa wani ƙarfen. Sai dai in ka canja baki ka canja ƙarfen baya, me ya rage na Baba? Wasawar da ta cinye bakin nan hannunsa ne. Ni da ni ne, mai zan shafa mata in ajiye, in sayi sabuwa ta aiki.

Mai Shayin Marseille:
Sabuwar Yuro 22 ce.

Mai Gadi a Saint-Étienne:
A wace shekara? 35 na gani.

Jikan Maƙera:
Abin da ke ci mini rai ma daban ne. Bature zai biya kuɗin shiga don kawai ya tsaya ya kalli maƙeri na dukan ƙarfe. Kawuna ya ƙera wuƙa daga sifirin mota, baduku ya ɗinka mata kube na jar fata, wuni biyu ana aiki, sai mai saye ya taya jika ɗaya da rabi, yana cewa ai ta Sin ta fi ƙyalli. 'Ya'yansa biyar, babu wanda ya zauna a maƙera, uku suna kabu-kabu.

Bakano a Birmingham:
Haka Kurmi take. In baƙo ya zo ana kai shi ya sayi wuƙa mai kube, mu kuwa sai ranar layya muke tuna maƙera.

Alhaji Tsohon Direba:
Ranar layyar ma aro suke yi. Mutum na da kuɗin rago, ba shi da kuɗin wuƙa. Maƙwabcina shekara uku ke nan gatarina yana gidansa, in na tambaya sai ya ce yara sun ajiye.

Hajiya Mai Turare:
Wannan kam gaskiya ne, Alhaji. Babbar tukunyata tun sunan jikar maƙwabciyata ba ta dawo ba, yarinyar har ta fara tafiya. Na aika sau biyu, aka ce wai ina da ƙanƙanta.

Sarkin Barkwanci:
Alhaji, in karyayyar Laguiole ɗin tana nan, a ba ni aro zuwa bayan Sallah.

Alhaji Tsohon Direba:
Tana wajen ƙanen nawa. Da ita yake buɗe gwangwanin tumatir.

Ɗalibi a Clermont:
Ɗan Damagaram, in ka yanke shawarar zuwa ka yi mini magana, akwai katifa a ɗakina. Hajiya, tukunyar mai mudu nawa ce?